Ɗakunan Kiɗan Lantarki na Farko da Na'urorinsu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu aikin kiɗa a situdiyo da ɗaliban aikin rediyo, musamman idan suka ji sunaye irin su Moog, maƙerin na'urorin kiɗa, da Stockhausen, mai tsara kiɗa, suka so sanin mafarin abin. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa cikin na'urorin.

Mene ne ɗakin kiɗan lantarki, kuma me ya raba shi da situdiyon ɗaukar waƙa?

A situdiyon da muka saba, mawaƙi yana zuwa da waƙarsa, makaɗa su zo da kayansu, a kafa makirufo a ɗauka. Kiɗan yana nan tun kafin a shiga ɗakin. A ɗakin kiɗan lantarki kuwa, ɗakin kansa shi ne kayan kiɗan, a cikinsa ake ƙera sautin tun daga tushe. Da za ka leƙa ɗaya daga cikinsu a shekarar 1955, ba za ka ga ganga ko fiyano ba. Za ka ga manyan injinan tef, da na'urorin da injiniyoyi ke gwada layukan rediyo da su, da lasifika, da reza, da ma'auni. Mutum biyu ne galibi a ciki, mai tsara kiɗa da injiniya, kuma sukan share makonni a kan abin da bai wuce minti uku ba.

Wa ya fara?

Kayan kiɗa masu amfani da lantarki sun riga ɗakunan zuwa. Thaddeus Cahill ya kafa Telharmonium a New York a 1906, na'ura mai nauyin kusan tan 200 da ke aika kiɗa ta wayar tarho. A Rasha, Lev Termen ya ƙera teramin a 1920, wadda ake kaɗawa ba tare da an taɓa ta ba, hannu kawai ake motsawa a iska kusa da eriya biyu. Amma waɗannan duk kaɗa su ake yi a gaban jama'a kamar goge ko sarewa. Sabon abu ya zo ne lokacin da aka fara ɗaukar sauti ana sarrafa shi kamar yadda maƙeri ke sarrafa ƙarfe.

A nan sunan da ya kamata a fara ambata shi ne Halim El-Dabh, ɗan Masar. A 1944 ya ari rikoda mai naɗar sauti a kan siririyar wayar ƙarfe, ya ɗauki muryoyin mata a wani taron zar a Alƙahira. Zar ɗan'uwan bori ne, har a Sudan ana haɗa sunayen biyu a ce zar bori. Ya koma gidan rediyo ya yi ta tace muryoyin yana ƙara musu amsa-kuwwa, har kalmomin suka ɓace, sai amon da ke ɓoye a cikinsu ya rage. Littattafai da yawa sun daɗe suna tsallake shi, kuma a ganina wannan rashin adalci ne, domin ya riga Paris da shekara 4.

Wanda ya mayar da abin tsari mai suna da mabiya shi ne Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa. A 1948 ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a tashar Batignolles ta Paris ya haɗa kiɗa da ita, aka watsa a rediyo ranar 5 ga Oktoba na shekarar. Tef bai iso ɗakinsa ba tukuna, da faifan garmaho ya yi aiki. Yakan rufe layin faifan ya zama zobe, allura ta yi ta zagaye wuri ɗaya, ɗan guntun sauti ya yi ta maimaita kansa. Ya kira aikinsa musique concrète, wato kiɗan da aka gina da sautin duniya na zahiri.

Me ya sa kusan dukkan ɗakunan farko a gidajen rediyo suke?

Saboda a nan kayan suke, a nan injiniyoyin suke, a nan kuma kuɗin yake. Injin tef na Magnetophon kamfanin AEG ya nuna shi a Balin a 1935, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ɗaiɗaikun makaɗa. Gidajen rediyon Turai na gwamnati ne, ba su dogara ga talla ba, suna kuma bukatar baƙin sautuka don wasannin kwaikwayo. Shi ya sa suka iya barin mutum ya zauna wata da watanni yana gwaji ba tare da an tambaye shi riba ba. A Amurka, inda rediyo ke hannun 'yan kasuwa, jami'o'i da gidauniyoyi ne suka ɗauki nauyin, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi na'urar kamfanin RCA.

Akwai wani zare da ya taɓo yankinmu. Shi dai wannan Schaeffer ne ya kafa SORAFOM a 1955, hukumar da ta taimaka wajen kafa gidajen rediyo a ƙasashen Afirka rainon Faransa, ta kuma horar da ma'aikatansu.

Yaya ake yin kiɗa da tef da reza?

Duk wanda ya taɓa gyara kaset ya san rabin amsar. Zare ya tsinke, ka jawo bakin biyu, ka daidaita, ka manna da ɗan salatif, ka sa biro ka murɗa. In ka kunna, sai ka ji waƙar ta yi tsalle daidai wurin ɗinkin. Wannan tsallen da muke ɗauka lahani, su suka mayar da shi sana'a. Kuma duk wanda batirin rikodarsa ya taɓa yin sanyi ya ji yadda muryar mawaƙi ke kauri tana jan ƙafa. Wannan shi ne rabi na biyu: gudun tef ne ke riƙe da tsinin sauti. In aka ninka gudun, sauti ya hau oktaf guda, wato tazarar da ke tsakanin muryar magidanci da ta yaro idan suna rera waƙa ɗaya. In aka rage shi da rabi, ya sauka oktaf guda.

A kan tef, lokaci tsawo ne da ake aunawa da ma'auni. Injin da ke gudun santimita 38 a daƙiƙa, in kana son sautin rabin daƙiƙa, santimita 19 za ka yanka. Mai aiki yana juya faifan tef da hannu a hankali a kan kan injin, gaba da baya, yana kasa kunne har ya ji daidai inda sautin ya soma, ya ɗiga alama da fensir mai maiƙo, ya kwantar da zaren a cikin ɗan kwarin ƙarfe, ya sa reza. Yankan tsaye yana ba da sauti mai faɗowa kwatsam, yankan karkace yana sa ya shigo a hankali. Ana juya guntu baya ya zama gaba. Ana haɗa bakin zare da wutsiyarsa ya zama zobe mai maimaita kansa, wani lokaci zoben ya yi tsawo har sai an ratayo shi a sandar makirufo a can ƙarshen ɗaki.

Schaeffer ya gano wani abu da har yau yake ba ni mamaki. In ka yanke farkon ƙarar ƙararrawa, wato daidai bugun, abin da ya rage ba ya kama da ƙararrawa, sai ka rantse abin busa ne. Ashe a ɗan ƙiftawar farko kunne yake gane mai magana. Game da wahalar aikin kuwa, John Cage da abokansa sun yi watanni a New York tsakanin 1952 da 1953 suna yanka da manna wani kiɗa da tsawonsa bai kai minti 5 ba. Hugh Le Caine a Kanada ya gina kiɗa sukutum a 1955 daga sautin ɗigon ruwa guda ɗaya.

Ana cewa Paris da Kolon sun yi saɓani. A kan me?

A kan inda ya kamata sauti ya fito. An kafa ɗakin Kolon ta Jamus a 1951 a gidan rediyon da daga baya ya zama WDR, a birnin da tsofaffin masu sauraron Muryar Jamus suka daɗe da sanin sunansa. Herbert Eimert da Robert Beyer da Werner Meyer-Eppler, masanin kimiyyar furuci a Jami'ar Bonn, su ne kan gaba. Ra'ayinsu shi ne a bar makirufo, a ƙera sauti daga tsantsar amo. Tsantsar amo shi ne irin ɗan siririn "tiit" ɗin da BBC ke sakawa daidai cikar awa, ba shi da gishiri ba shi da yaji. Abin da ya sa algaita da sarewa suka bambanta ko da sun busa murya ɗaya shi ne ƙananan amo da ke ɗore a kan babban. Mutanen Kolon suka ce, to mu ɗora su da hannunmu ɗaya bayan ɗaya, mu sami launin sautin da ba a taɓa ji ba. Haka Karlheinz Stockhausen ya yi ayyukansa na 1953 da 1954.

Mutanen Paris na ganin wannan lissafi ne ba kiɗa ba, su kuma na Kolon na ganin na Paris tarkacen ƙara ne marar tsari. Wanda ya rushe katangar shi ne Stockhausen ɗin kansa, wanda dama ya taɓa aiki a ɗakin Paris a 1952. A 1956 ya fito da Gesang der Jünglinge, inda ya saƙa muryar wani yaro ɗan shekara 12 cikin amon lantarki har ba ka gane inda murya ta ƙare, inji ya soma. Lasifiku sun kewaye masu sauraro, sauti yana yawo a kansu. Ni dai a wurina, a nan ne wannan fanni ya balaga, kuma muryar mutum ce ta balagar da shi.

Bayan waɗannan biyu, ina kuma aka yi?

A Milan, gidan rediyon RAI ya buɗe nasa a 1955 ƙarƙashin Luciano Berio da Bruno Maderna, da osileta 9, wato na'urorin haifar da amo, kuma ba su shiga rigimar Paris da Kolon ba. Gidan rediyon NHK a Tokyo ya kafa nasa a daidai wannan lokaci, Warsaw ta biyo a 1957. A Holan, kamfanin Philips ya ba Edgard Varèse ɗaki, ya haɗa kiɗan minti 8 da aka riƙa sakawa ta ɗaruruwan lasifiku a baje kolin duniya na Brussels a 1958. A Mosko, Evgeny Murzin ya ƙera na'urar ANS, wadda ake kankare zane a kan gilashin da aka shafe da baƙin danƙo, haske ya ratsa zanen ya zama sauti.

Me ya sa ake yawan ambaton ɗakin BBC, kuma ina mata a wannan tarihi?

An buɗe BBC Radiophonic Workshop a 1958 a Maida Vale ta Landan, shekara guda bayan soma Sashen Hausa na gidan. Aikinsa na yau da gobe ne: sautin wasan kwaikwayo, kiɗan buɗe shiri, shirye-shiryen makarantu. Saboda haka ya isa kunnen talakawa fiye da Paris da Kolon. Miliyoyin yara sun tashi da kiɗan lantarki ba tare da sun san sunansa ba.

Daphne Oram ce ta yi ta fafutuka har aka kafa shi, ita da Desmond Briscoe, amma ba ta cika shekara ba ta bar wurin don tana son kiɗa ne tsantsa. Ta ƙera na'urarta mai suna Oramics, inda ake zana layuka da hannu a kan zare 10 na fim, na'ura ta karanta zanen ta furta shi. Delia Derbyshire kuma, mai digirin lissafi da kiɗa daga Cambridge, ita ta haɗa kiɗan shirin Doctor Who a 1963 daga rubutun Ron Grainer, ba tare da sintesaiza ba, wato na'urar da ke ƙera sautin kiɗa da lantarki. Da osiletocin gwaji da sautin tsarkiya guda da aka ɗauka ta yi, kowace murya an yanka ta daban an manna, ta hanyar da aka bayyana a amsar tef da reza. Tsarin gidan a lokacin bai yarda a sa sunan ma'aikacin ɗakin ba, don haka ta rasu a 2001 ba ta ga sunanta a kan shirin ba. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na tuna. A Amurka akwai Bebe Barron da Pauline Oliveros, a Faransa akwai Éliane Radigue.

Wace ce sintesaiza ta farko?

Na'urar da ta fara yaɗa wannan suna ta kamfanin RCA ce, wadda Harry Olson da Herbert Belar suka ƙera aka nuna a 1955. Ƙanwarta, Mark II, ta fito a 1957, kuma ita ce ta zama zuciyar cibiyar Columbia-Princeton a New York, wadda aka buɗe a 1959 da tallafin Gidauniyar Rockefeller. Vladimir Ussachevsky da Otto Luening da Milton Babbitt na cikin jagororinta, kuma El-Dabh da aka ambata a amsa ta biyu ya yi aiki a can.

Mark II ta cinye bango guda, cike da kwalaben lantarki masu zafi. Ba a kaɗa ta. Mutum yana zama gaban wani abu kamar tafireta yana huda ramuka a doguwar takarda, kowane jerin rami umarni ne a kan tsinin sauti ko ƙarfinsa ko launinsa, takarda ta wuce, na'ura ta karanta. Babbitt ya ƙaunace ta don tana iya fitar da sarƙaƙƙen kari daidai wa daida, wanda hannun makaɗi ba zai iya ba. Amma guda ɗaya ce a duniya, sai wanda aka ba izinin shiga ɗakin.

Me Moog ya kawo sabo, kuma yaya na'urarsa ke aiki?

Robert Moog ya fara ne da sayar da teramin. A 1964, shi da makaɗi Herbert Deutsch suka haɗa ƙananan akwatuna masu turansista, kowane da aikinsa, ana sada su da wayoyi. Sirrin shi ne ƙarfin wuta ne ke ba da umarni. Ka tuna mai kalangu: yana matse igiyoyi a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka. A na'urar Moog, wuta ce hammatar. Ƙarin bolt 1 yana ɗaga sauti oktaf guda, kuma wani akwati yana iya matse wani ba tare da hannun mutum ba.

Osileta ce ke haifar da ɗanyen amo. Daga nan ya shiga filta, rariyar sauti, wadda ke tace ƙananan amon da aka yi bayani a amsar Paris da Kolon. In kana son jin aikinta, ka ce "aaa" ka riƙa rufe leɓe a hankali zuwa "uuu". Filtar Moog ce ta ba na'urarsa wannan kaurin murya da ake nema har yau. Sai akwatin da ke tsara rayuwar sauti, yadda zai soma da yadda zai mutu: bugun kalangu yana faɗowa nan take ya ɓace, jan goge yana tasowa a hankali ya daɗe. Ussachevsky ne ya ba da shawarar yadda za a raba wannan kashi-kashi.

Ba ta rasa matsala ba. Murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, kuma in ta yi zafi sai saitinta ya kauce. Wendy Carlos ta yi haƙurin ɗaukar layi bayan layi har ta fitar da kiɗan Bach da ita a 1968, faifan ya ci kyautar Grammy 3. Daga nan ne duniya ta san sunan Moog.

Me ya sa na'urar Buchla ba ta da madannan fiyano?

Da gangan ne. Morton Subotnick da Ramon Sender na cibiyar kiɗan tef ta San Francisco, wadda aka kafa a 1962, su suka nemi Don Buchla ya ƙera musu abin da zai rage musu wahalar reza. Ya sa faranta na ƙarfe da ake taɓawa da yatsa, da wani akwati mai jera sautuka yana zagayo da su da kansa. Hujjarsu ita ce, in ka ba mutum madannai baƙaƙe da farare, tsohon kiɗan da ya sani zai kaɗa.

Wannan muhawara ta shafe mu fiye da yadda ake zato. Fiyano ya raba oktaf gida 12 daidai, alhali goge da kukuma da muryar mawaƙan gargajiya suna zamewa ne tsakanin gidajen. Duk mai kiɗan da ya taɓa ƙoƙarin kwaikwayon goge a fiyano ya ji wani abu ya ɓace. Hanyar Moog ce ta ci kasuwa, amma tambayar Buchla tana nan ba a amsa ta ba.

Me ya kawo ƙarshen manyan ɗakunan?

Na'urorin sun ƙanƙance, sun yi araha. VCS3 ta kamfanin EMS ta fito a Landan a 1969, Minimoog a 1970, wadda mutum ɗaya zai ɗauka ya hau dandali da ita. Ta wani gefen, Max Mathews ya sa kwamfuta ta yi kiɗa a Bell Labs tun 1957, John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano wata hanyar haɗa sauti a 1967 wadda Yamaha ta sayi lasisinta ta fitar da sintesaizar DX7 a 1983, shekarar da tsarin sadarwa na MIDI ya ba na'urorin kiɗa damar magana da juna. Ɗakin Milan ya rufe a 1983, na BBC a 1998.

Mene ne alaƙar wannan duka da fiyanon da ke situdiyoyinmu?

Jika ne. Fiyanon Yamaha ko Casio da ya riƙe kiɗan finafinan Hausa tun shekarun 1990, da manhajar da ta gaje shi a kwamfuta, duk suna ɗauke da waɗannan dabaru. Zoben da kake maimaitawa zoben Schaeffer ne, alamar almakashi a manhaja rezar tef ce, maɓallin filta na Moog ne. Kuma 'yan Afirka ba su tsaya kallo ba. Mamman Sani a Nijar ya ɗauki kiɗansa da ogan ɗin Orla ƙirar Italiya a 1978, rediyo da talbijin na ƙasar suka daɗe suna sakawa tsakanin shirye-shirye, kamfanin fayafayan kiɗa na Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. William Onyeabor ya tara sintesaiza a ɗakinsa na Inugu, Francis Bebey ɗan Kamaru ma ya haɗa su da kayan gargajiya tun shekarun 1970.

Ana iya ganin na'urorin a yau, kuma da me zan fara saurare?

Kayan ɗakin Milan suna gidan tarihin kayan kiɗa da ke Castello Sforzesco. RCA Mark II tana nan a Prentis Hall na Jami'ar Columbia, amma ba ta aiki. Na'urar Oramics tana hannun Gidan Tarihin Kimiyya na Landan. Ƙungiyar binciken kiɗa ta GRM da Schaeffer ya kafa a 1958 kuwa har yanzu tana aiki a Paris.

Wajen saurare, ka fara da gajeru: guntun aikin El-Dabh na 1944, sai jiragen ƙasan Schaeffer, sai ɗigon ruwan Le Caine, duk ana samunsu a intanet. Ka sa abin kunne, kada ka dogara da lasifikar waya, domin tana yanke kaurin sauti. Kada ka jira amshi ko kari na rawa. A saurare na farko ka nemi gane abin da aka ɗauka, a na biyu ka nemi wuraren ɗinki, inda reza ta bi.